Kwana 12 a Sidni, a ƙasar Gadigal

Sati uku kenan da dawowa ta, sai yanzu barcina ya koma daidai, don har kwanan nan ƙarfe biyun dare idona biyu kamar mai gadi. Tunda mutane sun dame ni da tambayar ya Ostireliya, ka ga kangaru ko baka gani ba, nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Kangaru dai na gani, a gidan namun daji, minti goma na yi a wajen na wuce. Abin da ya tsaya min a rai daban ne.

Aikina koyar da kiwon lafiyar al'umma, kuma wani gajeren kwas ne ya kai ni a watan Yulin 2024, a wata jami'a a birnin Sidni, su suka biya kuɗin jirgi da na ɗaki. A takardar da suka turo min akwai kwana uku da aka ware wai don koyon yadda ma'aikacin lafiya zai iya aiki da mutanen da al'adarsu ba tasa ba, kuma misalin da za a yi da shi su ne 'yan asalin ƙasar, Aborijin. Gaskiya da na karanta wajen ban ɗauke shi da nauyi ba. A raina nace ni baƙar fata ne, Bature ya mulke mu kamar yadda ya mulke su, me kuma za a koya min a nan.

Biza ta ci min kusan wata biyu, ta intanet ake cike komai, sannan na je Abuja aka ɗauki hoton yatsu. Ana gobe zan tashi na je yi wa Hajiya sallama na tarar ta haɗa min ƙulli har huɗu, kilishi, dambun nama, yaji, kuka da daddawa a leda ɗaya. Nace Hajiya ance fa ba sa bari a shiga da abinci. Tace kai dai ɗauka, mutum ba ya zuwa garin da bai san kowa ba hannu rabbana, in sun hana ka ai ka gwada. Da asuba na hau mota daga Kano, Zariya, Kaduna, shingen jami'an tsaro na ƙirga bakwai kafin Rigasa, wasu ɗaga hannu kawai suke wasu sai direba ya sauke gilashi an gaisa, daga nan na shiga jirgin ƙasa zuwa Idu. Daga Abuja zuwa Doha awa bakwai da wani abu, na yi zaman jira, sannan aka shiga doguwar, awa 14 cif a sama, ka yi barci ka tashi ka ci abinci ka sake barci ka duba taswira ka ga har yanzu ruwa ne a ƙasanku.

Kafin mu sauka aka raba mana wani kati, a ciki ake tambaya ko kana ɗauke da nama, tsaba, ganye, itace, har ƙasar da ta maƙale a takalmi. Wani ɗan Sudan da ke kusa da ni wanda ya daɗe a can yace ɗan'uwa duk abin da ke jakarka ka rubuta, in ka faɗa iyaka su karɓe, in ka ɓoye kare ya shinshino akwai tara mai nauyi kuma suna iya soke maka biza a nan take. Na rubuta. Bayan an duba fasfo da katin rigakafin shawara aka tura ni layin masu kaya, wata jami'a ta sa safar hannu ta buɗe ƙullin Hajiya ɗaya bayan ɗaya a kan wani tebur na ƙarfe. Da ta kai kan daddawa ta ɗan ja da baya, tace wannan menene, na yi ta bayani ƙwayar ɗorawa ce ake dafawa a bari ta ruɓa a yi miya da ita, ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Kilishi, dambu da daddawa suka tafi kwandon shara ina kallo, yaji da kuka ta mayar min. Tace in yi haƙuri, ƙasarsu tsibiri ce, cutar dabbobi ɗaya in ta shigo ta gama da makiyayansu. Raina ya sosu don na san daren da Hajiya ta yi a kan dambun nan, amma ban ga laifinta ba.

Jirgin ƙasa daga filin jirgi zuwa cikin gari bai kai minti 15 ba amma ya ci kusan dala 20 ta can, lokacin dala ɗaya tasu tana wajen naira dubu, kun ga dubu ashirin kenan a tafiyar da ba ta kai daga Sabon Gari zuwa Kabuga ba. Daga ranar na daina lissafi da naira don in ba haka ba ruwa ma ba zan sha ba. Ɗakin da aka ba ni ƙarami ne, gado, tebur, hita, kicin na haɗaka, tafiyar minti goma a ƙafa zuwa tashar Redfern. Mu muna tsakiyar damina su suna tsakiyar hunturu, da safe sanyi kamar Jos a watan Janairu amma da iska mai shiga ƙashi, ƙarfe biyar na yamma an yi magariba. Suna gaban mu da awa tara. Abin da ya fi ɗaure min kai a daren farko alƙibla, na shimfiɗa darduma na buɗe waya sai ta nuna min yamma, na kashe na kunna ta sake nuna yamma. Mu da muka tashi muna cewa mutum ya fuskanci gabas, har gabas ɗin ta zama sunan alƙibla a bakinmu, ga ni ina sallah ina kallon inda rana ke faɗuwa.

Ranar farko kafin a ce komai shugabar kwas ɗin ta miƙe tace tana shaida cewa wannan taro a ƙasar mutanen Gadigal ake yin sa, tana girmama dattawansu na da da na yanzu. Na ɗauka gaisuwar buɗe taro ce ta ranar kawai. Ashe kowace lakca haka ake farawa, a gidan tarihi an rubuta a bakin ƙofa, a laburare haka, har a ƙasan saƙon imel na ma'aikata. Daga baya aka bambance mana abu biyu, shaidar nan kowa na iya yi, Bature ko baƙo irina, amma yi wa mutane maraba da zuwa ƙasar sai dattijon da kakanninsa suke da wajen, kamar dai yadda baƙo ba zai shiga gari ya yi wa wani baƙo sannu da zuwa a madadin mai gari ba. Gadigal ɗaya ne daga zuriyoyi kusan 29 na yankin Sidni da ake haɗa su a kira su Eora. A faɗin ƙasar kuwa harsuna sama da 250 ake yi kafin zuwan Turawa, kuma binciken da aka yi a wani kogon dutse a arewa mai suna Madjedbebe ya nuna mutane na zaune a can tun wajen shekara 65,000. Ni da na zo da tunanin ƙabila ɗaya ce mai yare ɗaya.

Wani dattijo ya zo ya yi mana marabar a fili, ya kunna ɗanyen ganyen turare a cikin wani ɓawon itace, hayaƙi fari ya tashi, aka ce kowa ya ratsa ta ciki. Nan na tsaya. Ban san matsayin abin a addinina ba kuma ba na son in yi abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba, ba na kuma son in ci fuskar mutum a ƙasarsa. Na matsa kusa da shi a hankali nace Kawu, don haka suke kiran dattawansu maza, mata kuma Anti, nace ni Musulmi ne, in na tsaya a gefe zai zama rashin ladabi? Ya dube ni yace tsaya inda ranka ya kwanta, tambayar da ka yi ta wadatar. Sai ya tambaye ni su waye mutanenka, daga ina kake. Bai tambayi aikina ba, bai tambayi digirina ba. Na ji kamar ina zaure a ƙauyenmu wani tsoho na cewa kai ɗan gidan wa ne. Nace Bahaushe ne daga Kano, kakana manomi ne, ya gyaɗa kai yace to yanzu na san ka.

Kuskurena na yi shi a rana ta biyu. Wadda ta zo ta yi mana darasi wata mata ce da za ta kai shekara sittin da ɗori, fara sol, idonta ma ba baƙi ba, ta gabatar da kanta a matsayin 'yar Wiradjuri, mutanen yammacin jihar da Sidni take ciki. Lokacin shan shayi na same ta nace Anti ki gafarce ni, na ga kamar ke Baturiya ce, kashi nawa ne na jinin Aborijin a jikinki? Wallahi da zuciya ɗaya na yi tambayar. Wata 'yar ajinmu da ke tsaye kusa ta sunkuyar da kai, a nan na gane na taka wani abu. Anti ta yi shiru na ɗan lokaci, ta ɗaga kofin hannunta tace ɗana, ko nawa ka zuba madara a shayi, shayi ne. Sannan ta ja kujera tace zauna.

Tace wannan lissafin na rabi da kwata da ka yi, da shi gwamnati ta riƙa auna su. Akwai hukumar da aka kafa a jihar tun 1883 wai don kare Aborijin, a 1915 aka ba ta ikon ɗauke yaro daga hannun iyayensa ba tare da zuwa kotu ba, kuma yaran da fatarsu ta yi haske su aka fi nema, don a rene su cikin Turawa su manta yarensu su auri farare, a hankali launin ya ɓace. 'Yan mata a kai su wani gida a garin Cootamundra a koya musu wanke-wanke da shara a tura su aikatau gidajen Turawa, maza a kai su Kinchela inda ba a kiran yaro da sunansa sai da lamba. Mahaifiyarta tana da shekara shida aka zo da mota aka ɗauke ta, kakarta ta bi motar da gudu har ta faɗi. Aka gaya wa yarinyar uwarta ta mutu, alhali tana raye, ba su sake haɗuwa ba. Tace iyaye har gawayi suke shafa wa 'ya'yansu don su yi duhu in an ga motar hukuma. Wannan abu bai tsaya ba sai wajen 1970, wato ina da yayye da aka haifa ana cikin yin sa. A 1997 aka fitar da rahoton binciken gwamnati a kai, sai 13 ga Fabrairun 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi gafara. Tace ranar ta kalla a talabijin da hoton mahaifiyarta a cinya.

Na ba ta haƙuri, tace ba komai, gara da ka tambaye ni da ka je asibiti ka tambayi mara lafiya. Daren nan na kira maman yara nace ta ba ni ƙaramar mu a waya, shekararta shida ita ma, ta yi ta ba ni labarin haƙorinta da ya fita ni kuwa na kasa magana.

Rana ta uku aka fita da mu a ƙafa, wani saurayi ɗan asalin wajen ne ya ja mu. Muka sauka a Circular Quay, inda kowa ke ɗaukar hoto, gada a hagu, gidan wasan nan mai rufi kamar filafilan jirgin ruwa a dama. Yace sunan wajen Warrane. Nan jiragen ruwa 11 na Ingila ƙarƙashin Arthur Phillip suka kafa tuta ranar 26 ga Janairun 1788, yawancin waɗanda ke ciki fursunoni ne. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka, a 1789, cutar agana ta ɓarke, ta kashe aƙalla rabin mutanen yankin, Turawan da kansu sun rubuta yadda suke ganin gawarwaki a bakin ruwa da cikin kogunan dutse babu mai binnewa. Ni ma'aikacin lafiya ne, na san abin da ake nufi da rabin al'umma a 'yan watanni, tsofaffin da ke riƙe da tarihi da waƙoƙi da sanin magani su ke fara tafiya.

Tsinin ƙasar da gidan wasan ke kai sunan Bennelong yake ɗauke da shi, mutumin da Phillip ya sa aka kamo da ƙarfi a ƙarshen 1789 don ya zama tafinta, daga baya aka gina masa ɗaki a wajen, aka tafi da shi Ingila a 1792 ya dawo a 1795, ya rasu a 1813. Matarsa Barangaroo masunciya ce, yanzu sunanta ne a kan wata unguwa ta dogayen benayen banki da gidan caca, abin ya yi min wani iri. Saurayin ya ciro wani abu daga aljihu ya ba mu muka riƙa miƙa wa juna, ƙugiya ce da aka goge daga ɓawon katantanwar ruwa, lanƙwasasshiya kamar jinjirin wata, tana ƙyalli, ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. Yace mata ne ke kamun kifi da ita a cikin kwalekwalen ɓawon itace, da 'yar wuta a kan yumɓu a tsakiyar kwalekwalen, da jariri a kafaɗa, suna waƙa. Can saman tudu kusa da lambun gwamnati an yi babbar siffar ƙugiyar da farin dutse, ta fi mutum uku tsawo. Sai ya nuna mana ƙasan ƙafarmu yace nan da tulin ɓawon kawa ne na dubban shekaru, abin da kakanninsa suka ci suka tara, Turawan farko suka kwashe suka ƙona suka yi farar ƙasar gini da shi. Yace in kun ga tsohon gini a unguwar nan ku duba tsakanin duwatsun da kyau. Muka je jikin wani bango, na sa ido, ga ɓarɓashin ɓawon nan fari-fari a cikin kwaɓin.

Ya ba mu labarin Pemulwuy, wanda ya yi shekara 12 yana yaƙar Turawa daga 1790, yana ƙona gonaki yana kai hari, aka harbe shi a 1802 aka yanke kansa aka aika Ingila, har yau ba a san inda yake ba. Nan tunanina ya tafi Burmi, 1903, da Sarkin Musulmi Attahiru, da Satiru a 1906. Amma a tsaye a wajen na ga inda hanyarmu ta rabu da tasu. Mu Bature ya zo ya yi mulki ta hannun sarakuna ya karɓi haraji, a 1960 ya naɗe kayansa, ya bar mu da gonakinmu da harshenmu, ga shi da Hausa nake rubuta muku wannan. Su zama ya zo yi, ya ce ma ƙasar ba ta kowa ba ce, kuma doka ta tafi a kan haka har 3 ga Yunin 1992 da babbar kotu ta rushe wannan magana a shari'ar Eddie Mabo. Yaren Sidni kansa sai da aka koma littattafan rubutun wani sojan ruwa William Dawes, wanda wata yarinya Patyegarang ta koya masa, ana tsinto kalmomi ana dawo da su bakin yara. A ƙidayar 2021 su kashi 3.2 ne cikin ɗari na mutanen ƙasar. Duk da haka sunayen suna nan a jikin kowace bas, Parramatta, Bondi, Coogee, Maroubra, Woolloomooloo, mutane na faɗa kullum ba su san da wane yare suke magana ba. A saman gadar kuma tutarsu na kaɗawa, baƙi a sama ja a ƙasa rawayar rana a tsakiya, sai a 2022 aka bar ta a can dindindin.

Abinci kam na sha wuya kwanakin farko, burodi da ƙwai da shayi, faranti ɗaya na shinkafa a gari dala 18 zuwa 25. Ranar Juma'a wani ɗan Zariya da ke digiri na uku a can ya zo ya ɗauke ni muka hau jirgi zuwa Lakemba, unguwar Musulmi, Labanawa da 'yan Bangladash da Somaliyawa, masallaci cike har titi. Bayan sallah muka sayi naman halal muka wuce gidansa, matarsa ta tuƙa tuwo da garin semo, na kawo kukar Hajiya aka kaɗa, babu daddawa amma wallahi ban taɓa jin daɗin miyar kuka irin ta ranar ba. Shi ya fara gaya min cewa Musulmi sun riga Ingilishi hulɗa da Aborijin, masunta daga Makassar ta Indunusiya suna zuwa gaɓar arewa duk shekara tun shekarun 1700 har zuwa 1907, suna kasuwanci da mutanen Yolngu, har kalmominsu suka shiga yaren. Daga baya kuma masu raƙuma daga Afganistan da Indiya suka zo suka yi aure cikinsu. Yace Malam ni shekarata uku a nan kafin in yi magana ta minti biyar da ɗan asalin ƙasar, kana iya gama karatunka ka tafi ba ka san suna nan ba.

Wajen da ya fi shafar aikina shi ne Redfern, unguwar da nake kwana a gefenta. Tun da can Aborijin daga ƙauyuka suke zuwa nan neman aiki a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa ta Eveleigh, ta zama musu kamar zango. A nan suka buɗe ofishin lauyoyinsu a 1970 saboda kamen 'yan sanda, a 1971 suka buɗe asibitinsu na kansu a wani ɗan shago, na farko a ƙasar, da hannun mutane irin su Shirley Smith da kowa ke kira Mum Shirl da likitan ido Fred Hollows. Dalili, mutum zai gwammace ya mutu a gida da ya je inda za a bar shi a benci har kowa ya gama, ko a karɓe masa jariri. Yau irin wannan asibiti da al'umma ke gudanarwa da kanta sun haura 140. Wata ma'aikaciyar jinya ta zauna da mu ta yi mana bayanin abubuwan da ba a rubuta su a littafi, tace in mara lafiya bai kalle ka a ido ba ladabi ne, in ya yi shiru kar ka cike masa shirun da surutu, in ya ce to ba lallai ya yarda ba wataƙila kunya ce, akwai maganar da mace ba za ta yi da namiji ba, in an yi rasuwa mutum na iya ɓacewa sati biyu ya bar magani don zaman makoki ya fi komai, kuma a wasu yankunan ba a kiran sunan mamaci ko nuna hotonsa. Ina rubutawa ina jin kamar Hausawa take siffantawa, mu da uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Sai na tuna sau nawa ni kaina na tsaya a kan matar ƙauye ina faɗa don ba ta kawo yaro rigakafi ba, ban taɓa tambayar ta me ta ji ko me ya taɓa faruwa da ita a asibiti ba. Mu ma ai muna da namu, gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 yana cikin abin da mutane suka riƙa ambata lokacin da aka ƙi allurar shan inna a 2003. Har yanzu tazarar tsawon rai tsakaninsu da sauran 'yan ƙasar wajen shekara takwas ce, kuma sama da kashi ɗaya cikin uku na manyan da ke kurkuku su ne.

Unguwar kanta ta canza, gidajen shan kofi, hayar da talaka ba zai iya ba, wajen da ake kira The Block yanzu dogon benen ɗalibai ne a kai, da yawa daga iyalan sun koma can yammacin gari. Na je filin shaƙatawar da Firayim Minista Paul Keating ya tsaya a Disambar 1992 ya amsa da bakinsa cewa su Turawa su suka ƙwace ƙasa suka yi kisa suka raba yara da iyaye. Na kuma bi ta titin Elizabeth na ga zauren da Aborijin suka taru ranar 26 ga Janairun 1938 suka kira ta ranar makoki, lokacin da sauran gari ke bikin cika shekara 150. Ba kowa ke tare da su ba fa. Wani direban tasi da ya ɗauke ni, shi ma ɗan ci-rani ne, yace shi ya gaji da wannan shaidar ta kullum, shi bai ƙwace ƙasar kowa ba, aiki yake dare da rana, kuma a ƙuri'ar raba gardamar Oktoban 2023 ta ba su murya a majalisa a'a ya zaɓa, kamar kashi 60 cikin ɗari na ƙasar. Ban yi musu da shi ba. Ita ma Anti da na tambaye ta ko shaidar na da amfani tace wani lokacin baki ne kawai, mutum ya karanta a takarda ya wuce, amma ta girma a lokacin da ko sunan ba a faɗa.

Lahadin ƙarshe na hau bas zuwa La Perouse, kusan minti 40, a bakin mashigin da James Cook, matuƙin jirgin ruwan Ingila, ya sauka a 1770. Nan iyalan Aborijin suke zaune ba yankewa tun shekarun 1880. Can tsallaken ruwa ne maza biyu na zuriyar Gweagal suka tare shi da masu, aka harbe su da bindiga, aka kwashe musu masu kusan 40, huɗu da suka rage suna jami'ar Cambridge ta Ingila sai a Afrilun 2024 aka miƙa wa jikokinsu. Na sayi wani ɗan takalmin ado da aka lulluɓe da ƙananan ɓawon katantanwa a hannun wata tsohuwa, dala 40, tace a wajen kakarta ta koya. Na kawo wa Hajiya.

Dawowa ba wani labari, Doha, Abuja, zafi ya tare ni a ƙofar jirgi. A tasi daga filin jirgi muna kan hanyar Lugbe na hango wasu mata uku a gefen titi da itace a kafaɗa, ba a ka ba, na san Gwarawa ne. Shekara nawa ina shiga Abuja, Garki, Wuse, Maitama, ban taɓa tambayar ina aka kai mutanen da ke wajen kafin dokar 1976 da ta kafa Abuja ba, abin da na sani kawai barkwancin da muke yi da su tun muna yara. Direban ya ga ina kallo yace mutanenmu ne. Nace kai Bagware ne? Yace Gbagyi muke cewa, Alhaji. Nace yi haƙuri, Gbagyi. Na tambaye shi ina ne garinsu, yace an haifi babansa a tsohon Garki, gonarsu tana wajen da yanzu wata ma'aikata take, in muna da lokaci zai bi da ni ta gaban wajen. Jirgin Kaduna sai ƙarfe uku, nace muna da lokaci, mu je.